Yadda mai karen ceto zai samu masauki bisa doka a Amurka

A watan Nuwamban 2018 wutar daji ta lashe garin Paradise a arewacin jihar Kalifoniya, ta hallaka mutum 85. Bayan wutar ta lafa, masu karnukan bincike sun yi kwanaki suna bin kangaye gida-gida, karnukan na sunsunar toka don a gano waɗanda suka ƙone. Irin wannan aiki aka yi a Surfside ta jihar Fulorida a 2021, inda dogon bene ya rufta ya kashe mutum 98, haka ma a Lahaina ta Hawai a 2023. Idan rana ta faɗi kuma, sai wata matsala ta taso wadda ba a nunawa a talabijin: mutum da karensa, kowa ya jigata, suna neman wurin kwana a yankin da dubban mutane suka rasa muhalli. Ga allo a ƙofar otal an rubuta cewa ba a shiga da dabba.

Rundunonin gwamnatin tarayya ba su cika shiga wannan hali ba. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, tana da rundunar ceto 28, takwas daga ciki a Kalifoniya, kuma kowace tana tafiya da tantuna da abinci da ruwan da za su ishe ta awa 72 na farko, tare da jami'an da shirya kaya da wurin kwana ne kaɗai aikinsu. Wanda ke shan wuya shi ne ɗan sa-kai: ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, ɗan fansho, wanda ya horar da karensa da kuɗin aljihunsa, ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan wata gunduma, ya kira shi da tsakar dare, ya kama tuƙi. Irin waɗannan su ne ke ɗauke da akasarin aikin neman waɗanda suka ɓace a dazuzzuka da duwatsun Amurka.

Batun bai tsaya ga jin daɗin mai kare ba. Karen da ya kwana a ƙudundune a bayan mota, cikin zafi ko sanyi, da safe hancinsa ba ya aiki yadda ya kamata. Kare mai haki ba ya sunsuna da kyau, wanda ya gaji kuma yakan wuce warin da da ya tsaya a kai. A wannan aiki, warin da aka wuce yana iya zama yaro ne kwance a gindin dutse. Shi ya sa wasu jihohi suka yi doka a kan lamarin. Sai dai dokar ta jiha ce, ba ta tarayya ba, tana da sharuɗɗa, kuma yawancin ma'aikatan otal ba su taɓa jin labarinta ba. Mai kare ne zai san ta, ya ɗauko ta, ya nuna ta.

Mataki na farko: ka san cewa karenka ba karen nakasassu ba ne

Dokar da kowane manajan otal ya sani ita ce ADA, dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Shari'a ta fitar a 2010, suka fara aiki a Maris ɗin 2011, sun fayyace karen da dokar ke nufi: wanda aka horar musamman don ya yi wa mai nakasa wani aiki, kamar yi wa makaho jagora, faɗakar da kurma, ko taimaka wa mai farfaɗiya. Irin wannan kare otal ba shi da ikon hana shi shiga ko cajin kuɗin dabba a kansa, kuma ba za a takura mai shi ga ɗakunan da aka ware wa masu dabbobi ba. Tambaya biyu kacal aka yarda ma'aikaci ya yi: shin saboda nakasa ake buƙatar karen, kuma wane aiki aka koya masa.

Karen ceto ba ya cikin wannan. Ko shekara nawa aka yi ana horar da shi, ko mutum nawa ya gano, hidimarsa ga wanda ya ɓace take, ba ga mai riƙe da igiyarsa ba, don haka ADA ba ta shafe shi ba.

A nan ne jarrabawa take. Ƙarfe ɗayan dare ne, ka gaji, kare na sanye da rigar aiki mai rubutu, ma'aikacin ma da kansa ya tambaye ka ko karen taimakon nakasassu ne. Da ka ce eh, an gama. Kada ka ce. A Kalifoniya, sashe na 365.7 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida, ko tarar da za ta iya kai dala 1,000, ko duka biyun, ga wanda ya yi wannan ƙarya da gangan. A Fulorida laifi ne, kuma ana ɗora wa mai shi awa 30 na aikin al'umma. Ko da ba a kai ka kotu ba, ƙungiyarka na iya sallamarka, sherif ya daina kiranta. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne makahon da zai iso otal ɗin bayanka: duk ƙaryar da aka kama, shi za a riƙa yi wa kallon zargi.

Katuna da takardun shaida da ake sayarwa a intanet asarar kuɗi ne, Ma'aikatar Shari'a ta ce ba sa ba kowa wani haƙƙi. Togaciya guda ce: idan kai da kanka kana da nakasa, kuma an horar da karen ya yi maka wani aiki a kanta ban da aikin ceto, to ADA ta rufe ku ta wannan fuska.

Mataki na biyu: nemo dokar jihar, ka yi mata tambaya huɗu

A nan za ka ɓata lokaci mafi tsawo, kuma ya cancanta. Ka shiga shafin majalisar dokokin jihar da kanta, kada ka dogara da abin da wani ya taƙaita. Ka duba ɓangaren haƙƙin jama'a, da na wuraren hulɗar jama'a, da na dabbobi, domin kowace jiha da inda ta ajiye maganar. Idan ka samu sashen, ka tambaye shi: wa ya rufe, a wane lokaci, a waɗanne wurare, da wane sharaɗi?

Mu ɗauki Kalifoniya, domin tata ta yi bayani dalla-dalla. Sashe na 54.25 na dokar farar hula asalinsa na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana masu karnuka ne, gyaran 2010 ya shigo da masu karnukan ceto.

Wa ya rufe? Karen da ke da alaƙa a hukumance da wata hukumar gwamnati ko take ɗaukar nauyinsa, kuma an horar da shi an amince da shi. Haka nan wanda ke da rajista da ƙungiyar ceto da ke ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta jihar, wadda a yanzu ake kira Cal OES. Har da karen da ake kan horarwa don ya kai wannan matsayi. Wanda ya horar da karensa shi kaɗai a bayan gida, bai shiga kowace ƙungiya ba, komai ƙwarewar karen, ba ya ciki.

A wane lokaci? Sai an tura ka aiki wajen yankinka, saboda halin gaggawa da gwamnatin tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma ta ayyana, ko neman ɗauki da wata hukuma ta yi a hukumance, ko atisaye, kuma kana cikin aikin da aka tura ka. Ka lura da abin da wannan ya fitar. Tafiyar hutu da iyali ba ta ciki, ko da karen na motar. Wanda ya ga bala'i a talabijin ya tashi da kansa ba tare da an kira shi ba, shi ma ba ya ciki, kuma dama masu jagorantar aikin ba sa maraba da irin wannan zuwa.

A waɗanne wurare? Otal-otal da sauran masaukai, gidajen abinci, da motocin sufurin jama'a. Ba za a ƙi karɓarka saboda karen ba, ba za a ƙara maka kuɗi ba, ba za a nemi ka ajiye kuɗin jingina dominsa ba. Wanda ya saɓa, tararsa na iya kai dala 1,000.

Da wane sharaɗi? Duk ɓarnar da kare ya yi, a wuyanka take. Idan kuma ya hana sauran baƙi sakat, otal na da ikon a fitar da shi, amma sai an yi maka gargaɗi aƙalla sau ɗaya an ba ka damar gyarawa. Dokar ta faɗa a fili cewa kasancewar kare a wurin kawai ba damuwa ba ce. Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, domin ita ce amsar manajan da zai ce wani baƙo ya ga kare ya yi ƙorafi.

Akwai kuma abin da dokar ba ta ba ka ba, kuma gara ka san shi kafin ka ɗaga murya. Ba ta ce ɗaki kyauta ba. Ba ta ce a tashi wani baƙo a ba ka ɗakinsa ba. Otal ɗin da ya cika, ya cika.

Sauran jihohi kowace da salonta. New Hampshire ta sa karnukan ceto a cikin babin da ke kare karnukan nakasassu, babi na 167-D, amma sai idan hukumar gwamnati ce ta nemi aikin, kuma karen na bakin aiki ko kan hanyar zuwa ko dawowa. Connecticut ta yi doka musamman ga ƙungiyoyin sa-kai: mamban da ke aiki da ƙungiyar yana iya shiga jirgin ƙasa da wuraren jama'a da karensa ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin ana cikin aikin nema ko ceto, karen na hannunsa, kuma yana sanye da ɗamarar aiki ko alama ja ko ruwan lemo. Wato a can, barin rigar kare a mota kaɗai na iya zubar maka da haƙƙi. New Jersey kuwa ta yi maganar karen aiki, ta haɗa na neman mutane da na gano gawa da na bama-bamai, amma ta rataya haƙƙin ga ma'aikacin 'yan sanda, kwana-kwana, ko wata hukumar agajin gaggawa. Ɗan sa-kai a can sai ya tabbatar da matsayin ƙungiyarsa tukuna.

Wani tarko kuma: jihohi da dama suna da dokar hukunta wanda ya raunata ko ya kashe karen ceto. Wannan daban take da dokar shiga masauki. Ganin sunan karen ceto a kundin dokokin jiha bai isa ba, sai ka karanta ka ga me aka ce a kansa. Idan wata kalma ta shige maka duhu, shugaban ƙungiyarku ya nemi sherif ya tambayi lauyan gunduma, a samu amsar a rubuce.

Mataki na uku: bi hanyarka a taswira

Dokar da ke aiki ita ce ta ƙasar da otal ɗin yake zaune a kai, ba ta jihar da ka fito ba. Mai kare daga Kalifoniya da ya tsallaka Nevada ko Oregon, sashe na 54.25 ya tsaya a kan iyaka. Yarjejeniyar EMAC, wadda majalisar tarayya ta amince da ita a 1996 kuma duk jihohi 50 ke ciki, ta tsara yadda jiha za ta kai wa jiha ɗauki: amincewa da lasisi, biyan kuɗi, diyya idan an ji rauni. Ba don otal-otal aka rubuta ta ba. Saboda haka duk jihar da kake iya kwana a cikinta, sai ka yi mata binciken mataki na biyu.

Otal ɗin da ke ƙasar ƙabilun asali, ko cikin sansanin soja, yana iya zama ƙarƙashin wata doka dabam, sai ka nemi izini kai tsaye. Gidan wani da ake haya ta Airbnb kada ka dogara da shi a daren gaggawa. A jirgin sama tsarin kamfani ne ke aiki, domin dokar sufurin sama ma karen nakasassu take karewa. Hawai kuma ba ta da ciwon haukan kare, tana tsare kanta sosai, karen da takardunsa ba su cika ba ana iya killace shi har kwana 120.

Mataki na huɗu: haɗa takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu jakar leda mai zif wadda ruwa ba ya shiga, ta zauna a mota kullum, ka kuma ajiye hoton komai a waya. A ciki a samu katin shaidarka na ƙungiya ko na ofishin sherif, da takardar ƙwarewar kare wadda wa'adinta bai ƙare ba (ta FEMA duk shekara uku ake sabunta ta, ƙungiyoyin nema da ceto irin su NASAR ta ƙasa da CARDA ta Kalifoniya ma suna da nasu gwajin), da katin rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, da shaidar inshora idan ƙungiya na da ita.

Biyu daga cikin takardun sun fi sauran nauyi a gaban manaja. Ta farko, kwafin dokar da ka buga daga shafin majalisa, da lambar sashe a sama, ka ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka shafe ka. Shafi ɗaya ya wadatar. Ta biyu, wasiƙa a takardar hukuma mai tambari, da ke cewa wane da karensa suna aiki da mu, ga lambar wayar da za a kira dare ko rana. Ranar da aka kira ka kuma, ka nemi lambar aikin da sunan jami'in da ya nemi ɗauki, ko da ta saƙon waya ne. Tunda kusan duk dokokin nan sun rataya ne a kan cewa hukuma ce ta tura ka, wannan lamba ita ce hujjarka.

Mataki na biyar: nemi masauki tun ana zaman lafiya

Mafi sauƙin dare shi ne wanda ba ka buƙaci zaro doka ba. Ƙungiya ta zauna ta lissafa garuruwan da aka fi kiranta, ta kira otal biyu ko uku a kowane, ta gabatar da kanta ga manaja. Da yawa suna amincewa da murna idan an yi musu bayani da rana tsaka, hankali kwance. Wasu kamfanoni irin su Motel 6 da Red Roof Inn sun daɗe da shahara wajen karɓar dabbobi, amma ka tambaya ko akwai iyakar nauyi ko yawan karnuka a ɗaki. Karnukan wannan aiki, irin su Labrador da Malinois da makiyayin Jamus, manya ne, wasu masu aikin kuma da biyu suke tafiya.

Idan kira ya zo, ka buga wa otal ɗin da kansa, kada ka tsaya ga manhajar kama ɗaki ko babbar lambar kamfani. Yawancin otal-otal masu sunan manyan kamfanoni mallakar wasu 'yan kasuwa ne dabam, kowane da tsarinsa. Ka faɗi komai tun a waya, ka rubuta sunan wanda ya amsa da lokacin, ka roƙi a sa bayanin kare a cikin rajistar ɗakin a turo maka ta imel. Wanda ya yi maka alkawari da yamma ba shi za ka tarar da tsakar dare ba. Ka nemi ɗakin ƙasa kusa da ƙofar fita.

Mataki na shida: a gaban tebur

Kafin ka shiga, ka tsaya a wajen ajiye motoci. Ka zagaya da kare ya yi bawali, ka ba shi ruwa, ka ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ka goge tsakanin yatsu da jiƙaƙƙen tawul, ka taje gashinsa ka kakkaɓe ƙaya da ƙura. Kai ma ka buge takalmanka. Ka sa masa rigar aiki, igiya gajera. Da kun isa tebur, ka umarce shi ya kwanta a gefen ƙafarka. Karen da ya kwantar da haɓarsa a kan dantsensa ya yi tsit, yana yi maka rabin bayani.

Sai ka fara da gaisuwa: "Barka da dare, sannu da aiki. Na kama ɗaki da sunan wane. Wannan karen nema da ceto ne, ofishin sherif ne ya kira mu neman mutumin da ya ɓace. Ba karen nakasassu ba ne, amma dokar jihar nan ta ba shi izinin kwana tare da ni. Ga ta nan."

Mai yiwuwa ya ce, "Yallaɓai, ni abin da aka gaya mini shi ne karen nakasassu kaɗai." Gaskiyarsa ce, iyakar abin da aka koya masa ke nan, kuma yana tsoron rasa aikinsa. Kada ka yi masa tsawa, kada ka fara da maganar tara. Ka juya masa takardar, ka sa yatsa a layin da ka ja, ka ce, "Na gane. Ko za ka taimaka ka kira manaja? Ga kuma lambar jami'in da ya turo mu." Ka ƙara da cewa kare a keji zai kwana, kuma duk abin da ya lalata kai za ka biya. Abin da ke ran mai otal shi ne kafet da hayaniya, da ka amsa waɗannan biyu tun bai tambaya ba, gardama takan mutu.

A jihar da ba ta da doka, ka cire maganar doka gaba ɗaya. Roƙo kake yi, kuma idan an ce sai ka biya kuɗin dabba, ka biya ka karɓi rasit.

Mataki na bakwai: idan an ƙi

Ka tambayi dalili, ka saurara da kyau. "Ba mu da ɗaki" magana ce dabam da "ba ma karɓar kare". Ka rubuta kalmomin da aka faɗa, da lokaci, da sunan da ke ƙirjin ma'aikacin. Idan shafinsu na intanet na nuna akwai ɗaki a daidai lokacin, ka ɗauki hoton allon wayarka. Ka kira jami'in da ke kula da kaya da masauki a sansanin aikin, sau da yawa kira ɗaya daga ofishin sherif yana warware komai.

Idan bai warware ba, ka tafi. Awa biyu na gardama daga barcin karenka ake cire su. Tashar 'yan kwana-kwana, zauren makarantar da aka mayar sansani, ko gidan wani ɗan ƙungiyar yankin duk sun fi tsayuwa a gaban tebur. Kada kuma ka karɓi shawarar cewa kai ka shiga, kare ya kwana a mota. Ban da haɗarin, sashe na 597.7 na dokar laifukan Kalifoniya ya haramta barin dabba a mota cikin yanayin da zai cutar da ita.

Bayan an gama aiki, ƙungiya ce za ta rubuta ƙorafi, ba kai kaɗai ba: wasiƙa ga mai otal da uwar kamfani, haɗe da kwafin doka da bayanin abin da ya faru. Ni a ganina wasiƙar da ta sa aka koya wa ma'aikata dokar ta fi tara amfani, domin mai karen da zai zo baɗi shi zai ci moriyarta. A guji fallasa a Facebook cikin fushi. Idan kuma farashi aka tsauwala, a Kalifoniya sashe na 396 na dokar laifuka ya hana otal ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kwana 30 da ayyana halin gaggawa, ana kai ƙara ofishin babban lauyan jiha ko na gunduma.

Mataki na takwas: cikin ɗaki

Da ka shiga, kafin kare ya taka ko'ina, ka ɗauki hoton ɗakin, musamman tabon kafet da kartar ƙofa da ka tarar. Ka leƙa ƙarƙashin gado, domin ana samun ƙwayar magani da wani baƙo ya yar ko gubar ƙwari. Ka shimfiɗa tsohon zanen gado naka a ƙarƙashin keji da kwanon ruwa.

Karen da ya yi aiki a ɓaraguzai ko toka, a sansanin aiki ake wanke shi. Tokar gidan da ya ƙone cike take da guba, kuma bai dace a bar wa mai shara ita a bahon wanka ba. Kada ka bar kare shi kaɗai ka fita. Karen da bai taɓa haushi a gida ba yana iya yi a baƙon wuri, wanda aka koya wa yin haushi idan ya gano mutum kuwa muryarsa ba ƙarama ba ce. Idan aka yi maka gargaɗi, ka ɗauke shi da gaske. Ka rataya alamar hana shiga a ƙofa, ka kwashe kashinsa a waje, ka kauce wa ɗakin cin abinci idan ba dole ba.

Da safe ka nemi a duba ɗakin a gabanka, ka karanta rasit layi-layi. Wani lokaci kwamfuta ce ke ɗora kuɗin dabba da kanta, kuma cire shi a tebur ya fi sauƙi a kan bin sa ta waya.

Idan kai ne a bayan teburin

Cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka akwai masu aikin otal, wasu a karɓar baƙi, wasu a gyaran ɗakuna, kuma da yawanmu mun tashi muna nesa-nesa da kare. Ƙyamar da mutum ke ji ba hujja ba ce a gaban doka, kuma sunanka ne zai shiga takardar ƙorafi. Ba wanda zai tilasta maka taɓa shi. Ta fuskar addini ma, malaman Malikiyya suna ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma an halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Abin da za ka yi kaɗan ne: ka tambayi hukumar da ta turo shi, ka karanta takardar da ya miƙo, ka kira manaja idan abin ya fi ƙarfinka. Ka sani tambaya biyun nan na ADA na karen nakasassu ne. Mai karen ceto kuwa, da kansa zai so nuna maka katinsa.

Inda babu doka

A jihar da ba ta da irin wannan tanadi, rahotannin mataki na bakwai su ne jarin ƙungiya. A tara su: rana, gari, abin da aka faɗa, inda kare ya kwana. A nemi goyon bayan ƙungiyar sherif-sherif ta jihar, a zauna da ƙungiyar masu otal tun kafin a je majalisa, domin idan sun ga an rubuta cewa mai kare zai biya ɓarna kuma ana iya fitar da kare mai damun baƙi, adawarsu takan ragu. Sai a kai wa ɗan majalisar mazaɓa daftari, a ɗora shi a kan na Kalifoniya. A tabbata ya ambaci 'yan sa-kai da sunansu, ya haɗa da hanyar zuwa da dawowa, da atisaye, da karen da ake kan horarwa, ya kuma rufe ƙungiyoyin da suka zo ɗauki daga wata jiha.